Fuskar da Babbar Kyamara Ta Bari a Baya

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ɗauki babbar kyamara muka nufi Danko ba, kuma duk wanda ya zo koyon aiki a wurina sai ya ji labarin nan, ko yana so ko ba ya so. Yau taku ta zo, tunda tun safe kuke cika mini kunne da gardamar wace kyamara za ku saya idan an yaye ku. Kowannenku babba yake so, mai nauyi, wadda za a gan shi da ita a wuya a ce mai hoto ya iso. To ku aje wayoyinku ku saurara.

A shekarar 2008 ne, gab da faɗuwar damina. Ina aiki a wani shagon hoto a nan Zuru, ƙarƙashin Oga Yohanna. Shi ne mai ɗauka, ni ce mai kwamfuta: in kwashe hotuna daga katin kyamara, in gyara haske, in jera su a faifan kwamfuta. A lokacin ba mu da injin wanki mai kyau, sai an tara aiki a kai Kontagora a wanko. Idan kuma aikin fita ne, musamman gidan da namiji ba ya shiga kai tsaye, tare muke tafiya, ni ce mai shiga gaba in shirya mata da yara.

Kyamarori biyu ne a shagon. Akwai ƙarama, wadda ke shiga aljihu, da ita muka shekara da shekaru muna cin abinci. Sai kuma babba, wadda ƙanen Oga ya kawo masa daga waje a farkon shekarar, ta hannu ce amma lafiyarta lau. Bambancinsu na gaskiya yana ciki, a wani ɗan faranti da ke karɓar haske a madadin fim, wanda muke kira sansa. Na ƙaramar bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na babbar kuwa ya kai girman gida ɗaya na fim ɗin da muke amfani da shi a da.

Ga abin da girman nan ke jawowa, ku riƙe shi da kyau. Ƙaramin sansa gajeren gilashi yake buƙata a gaban kyamara, kuma gajeren gilashi kusan komai yake fitarwa sarai, daga mutumin da ke gabanka har akuyar da ke can bakin danga. Babban sansa kuwa, kafin ya cika hoto da mutum kamar yadda ƙaramin ya cika, sai an sa masa gilashi mai tsawo, ko kuma ka matsa kusa. Duk wanda ka yi a ciki, wurin da ke fita sarai sai ya tsuke. Idan ka ƙara da buɗe ƙofar haske sosai, wato ɗan ramin da haske ke shiga ta cikin gilashin, to wanda ka saita a kansa ne kaɗai zai fito, na bayansa duk su narke su zama dishi-dishi.

Wannan narkewar ce ta haukatar da garin. 'Yan mata suka riƙa yin layi a shagon, kowace tana son hoton da ita kaɗai ta fito, bango da kwata da babur ɗin maƙwabci duk sun ɓace. Oga ya san maganar ƙofar haske tun zamanin fim, ba baƙonta ba ne. Amma ƙaramar kyamara ta sangarta mu duka, shekaru muna danna maɓalli kawai komai na fita, har hannu ya manta da abin da kai ya sani. Babbar kuma tunda ta zo aka bar ta a saitin 'yan matan nan, ba wanda ya ga dalilin taɓawa.

Ana haka wani soja ya shigo, Kofur Umaru, mutumin Danko. An sa sunansa cikin waɗanda za su tafi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, aka ba shi fas, wato izinin 'yan kwanaki ya je ya yi sallama da gida. Dogo ne, mai magana a hankali. Ya gaishe da Oga, ya gaishe ni, ya zauna yana juya hularsa a hannu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Oga, hoto nika so a yi min da tsohuwata. Amma ba ta tsayawa kusa da ni. Ni ne na fari."

Oga ya gane nan take. Ni ma na gane, ko da yake a bariki na tashi, inda irin wannan ta yi sauƙi. A gidaje da yawa na ƙasar nan uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko da zuciyarta na ƙuna. Shi Kofur ma a hannun gwaggonsa ya tashi tun da aka yaye shi. Ya ce tsohuwar ba ta taɓa yin hoto ba a rayuwarta, ko na katin zaɓe.

Dabarar da ya zo da ita mai sauƙi ce. Shi zai tsaya a tsakar gida kamar hoton kansa yake yi. Ita kuma, in Allah ya sa, za ta zauna a ƙofar ɗakinta tana wani aiki, can baya. Sai a ɗauko su tare. Matarsa ta riga ta kai mata maganar a fakaice, ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Oga ya ɗora kyamarorin biyu a kan tebur, kamar yadda yake yi wa duk mai aikin fita, ya ce ya zaɓa, babbar ta fi tsada. Kofur bai ko kalli ƙaramar ba.

"Wagga babba. Tsohuwata ce, ba a yi mata da abin wasan yara."

Ba wanda ya yi masa musu. Mutum ya zo zai girmama uwarsa, kuma a ganinmu duka babbar ce girmamawa. Ƙaramar ma a shago muka bar ta, wani ɗan'uwan Oga zai yi aikin suna da ita.

Washegari muka hau mota zuwa Danko, muka isa bayan azahar, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na fara shiga na gaishe da matan gida. Na durƙusa na gaishe da Inna, wato mahaifiyar Kofur, 'yar siririyar tsohuwa mai tsage a kumatu. Abin da na lura da shi shi ne tana sanye da sabuwar atamfa, ko karin ninkinta bai baje ba. Matar Kofur ta raɗa mini cewa shi ya sayo mata. Da wannan sabuwar atamfar ta ɗauko faifai da wake, ta zauna a ƙofar ɗakinta ta fara tsinta. Babu macen da ke sa sabon zane don tsintar wake, don haka na fita na ce wa Oga ta yarda.

Kofur ya tsaya a inuwar wata bishiya da ke tsakar gidan, cikin kakinsa, ya ba ta baya. Tsakaninsu akwai tazara mai kyau, har da turmi da randa. Oga ya matsa kusa da shi don ya ɗauko shi daga ƙirji zuwa sama, ita kuma ta faɗo ta gefen kafaɗarsa ta dama. Ga inuwa, ga hadari ya rage haske, sai kyamarar ta buɗe ƙofarta iya buɗewa. Oga ya saita a idon Kofur, ya danna, ya sake dannawa. Ƙarar babbar kyamara ba ta ɓoyuwa. Inna na jin ta, ta tattara faifanta ta shige ɗaki ta saki labule.

Muka duba a ɗan allon bayan kyamarar, mu uku muka haɗa kai. Ga Kofur, ga Inna a bayansa da atamfarta. A wannan ɗan allo komai kyau yake yi, shi ya sa nake hana ku yarda da shi. Kofur ya yi murmushi irin wanda ban sake ganin ya yi ba, ya ce a wanko babba a ajiye masa, a kuma aika wa iyalinsa nasu, shi gobe zai koma bariki. Ruwa ya fara saukowa, muka yi sauri muka nemi mota.

Sai da na buɗe hoton a kwamfuta na ga ɓarnar da muka yi. Kofur ya fito har ana iya ƙirga gashin girarsa. Inna kuwa launi ne kawai: shuɗin atamfa, farin faifai, da wani dunƙulen duhu a inda fuska take. Ba ido, ba baki, ba tsage. Na kira Oga. Ya tsaya a bayana ya duba, sannan ya ce in gwada abin ƙara kaifi. Na gwada har hoton ya fara tsagewa, fuska ba ta zo ba. Kwamfuta tana gyara abin da kyamara ta kama ne, wannan kuwa tun farko ba a kama shi ba.

"Rahila, laifina ne," in ji Oga. "Da na tsuke ƙofar, da na ja baya."

"Ko da ƙaramar muka je, Oga, da ta fito."

"Da ta fito," ya ce, ya koma ya zauna.

Kofur ya riga ya tafi, layinsa ba ya shiga. Muka yanke shawara in koma Danko ni kaɗai da ƙaramar kyamara, in roƙi Inna ta bari in ɗauke ta, daga baya mu haɗa hotunan biyu a kwamfuta. Bayan an wanko daga Kontagora, na ɗauki guda ɗaya na tafi ranar kasuwa.

Na same ta a ɗaki ita kaɗai. Ta ba ni ruwa, ta tambayi mutanen gida, na tambayi nata. Sannan na fito da hoton na miƙa mata, na yi mata bayani cewa ita ba ta fito ba, kuskure ne daga wurinmu, na zo in gyara. Ta karɓa da hannu biyu ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ba ta kalli inda take a hoton ba ko sau ɗaya. Fuskar ɗanta take kallo, ta daɗe tana kallo, har na kawar da kaina don kada in ba ta kunya.

"Ya rame," ta ce a ƙarshe.

"Inna, ki bari in ɗauke ki yanzu. Ba daɗewa, nan inda kike zaune."

"A'a ɗiyata. Ai an yi."

"Ba ki fito ba, Inna."

"Haka ya yi daidai. Wanda yas sa anka yi ya tahi. Ni ɗaya, mi za a yi da hotona? Bari wancan ya komo, in da rai."

Na roƙa ta kowace hanya da na sani. Na ce shi ya aiko ni, ta yi murmushi don ta san ba gaskiya ba ne. Na sa matar Kofur ta sa baki, ta ce mata ta je ta duba tukunya. Da zan tafi na miƙa hannu in karɓi hoton, sai ta riƙe shi.

"Bar shi nan. Yara na son gani."

Da na koma Oga ya tambaye ni me ya hana in ɗauke ta a ɓoye, ƙaramar ba ta da ƙara. Na ce masa tsohuwa ta ba ni ruwa a ɗakinta ta ce a'a, ba zan sace mata fuska ba. Har gobe haka zan ce, amma kada ku ɗauka na ji daɗi. Raina a ɓace na dawo, kuma duk lokacin da na ga motar Danko a tasha sai abin ya taso mini. Muka zauna jiran Kofur ya dawo a sake.

Da kaka, ana cikin yankan gero, matarsa ta aiko mana cewa Inna ta rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. An binne ta a ranar, kamar yadda ake yi, shi kuwa a waya ya ji. Oga ya rufe shago ya je gaisuwa, ya dawo bai ci abinci ba. Daga nan babbar kyamara ta koma cikin jakarta, sai mai hoton mutum ɗaya ya zo yake fito da ita, kuma ko a nan ba ya wasan da ya saba da 'yan mata.

Kofur ya dawo a farkon shekarar da ta biyo. Da hantsi ya shigo shagon cikin kayan gida, ya ƙara ramewa. Muka yi masa gaisuwa. Oga ya fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ce matarsa ta gaya masa komai, har zuwan da na yi. Ya ciro hoton da na bar wa Inna daga aljihu, ya ce a cikin adakarta aka same shi. Ya ja kujera kusa da kwamfutata.

"Madam, can inda munka je na ga ana gyara hoto da inji. Ana iya jawo mutum daga nesa a kawo shi kusa. Ki jawo min ita."

Na yi masa bayanin sansa da gilashi da ƙofar haske, a hankali, kamar yadda na yi muku. Ya saurara har na gama, sannan ya ce duk da haka in jawo ya gani da idonsa. Na buɗe hoton, na fara girmama gefen kafaɗarsa. Duk matsowar da na yi, sai ta ƙara watsewa. Shuɗin ya cika allon, dunƙulen fuskar ya zama wasu 'yan murabba'ai masu ruwan ƙasa. Ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin kwamfutar, ya ja baya, ya runtse ido, ya sake matsowa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa ƙin aikina kamar ranar ba.

"Kin sani, Madam," ya ce, idonsa na kan allon, "ba ita ɗaya ke kunyar ba. Ni ma in na je gaishe ta ƙasa nika kallo. Na san muryarta, na san ƙafafunta. Fuskar ce ban taɓa tsayawa na kalla ba. Na ce in an yi hoto sai in zauna ni ɗaya in kalle ta yadda nika so. Yanzu in na rufe ido in tuno ta, ba ta zuwa."

Oga ya tashi ya fita waje. Ni kuwa ba inda zan je, hannuna na kan linzamin kwamfuta.

Ya ce in mayar da hoton yadda yake. Na mayar. Ya nuna dunƙulen da yatsa.

"Ke kina wurin. Ni na ba ta baya. Sa'ad da anka danna, waken take kallo?"

A ranar ina tsaye ne a gefe kusa da randa, na fi kowa ganinta. Na gaya masa gaskiya: tun da ya juya mata baya ta daina tsintar waken, ta ɗaga kai, shi take kallo har aka danna.

Bai yi kuka ba a gabana. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce a wanko masa wannan gefen kaɗai, babba, a cire shi a bar ta. Na ce masa ba abin da za a gani sai launi. Ya ce ya sani. Muka wanko a Kontagora, muka sa a firam, ya zo ya karɓa ya naɗe a cikin rawani ya tafi da shi Danko. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, shi ne hoto mafi muni da ya fita daga hannuna, kuma ban ga wanda aka karɓa da irin wannan ladabi ba.

To ga abin da nake so ku ɗauka. Babban sansa ba laifi ba ne, ina da irin kyamarar yanzu kuma ina son ta. Tana da kyau a wurin da haske ya yi ƙaranci, tana fitar da mutum ɗaya kamar ka taɓa shi. Amma tana zaɓe, kuma in ba ku hana ta ba, na gaba take zaɓa. Idan da ita za ku yi aikin da mutane ke warwatse, ku tsuke ƙofar haske, ku ja baya, ku girmama hoton a allo ku duba kowace fuska kafin ku bar gidan. Idan kun san ba za a ba ku wannan lokacin ba, ku ɗauki mai ƙaramin sansa, kada ku ji kunyar ƙanƙantarta, ko mai aikin ya raina ta.

Mutanenmu kuma ba sa tsayawa a layi ɗaya kamar 'yan makaranta. Suruki yana ja da baya, amarya tana laɓewa, uwa tana zama a ƙofar ɗaki da faifai. Kafin hannunku ya kai ga kyamara, ku tambayi mai aikin wa yake son gani a hoton, sannan ku duba inda wannan mutumin zai yarda ya zauna. A ƙasar nan sau da yawa can baya ne, kuma ba lallai ne ya zauna muku sau biyu ba.